Gurmi Mai Wandon Ƙarfe

Tun da na dawo daga Maleshiya ban sha shayi da zafinsa ba. Da na kai kofi baki sai wani a majalisa ya ce, "Sale, wai can ma akwai masallaci?" Wani ya ce, "Da gaske a keji suka kulle ka?" Malam Garba Tela kuwa tambayarsa ɗaya ce kullum, wai ina tsarabarsa. To na gaji. Na zauna na rubuta da hannuna, da bokon yaƙi da jahilci da na yi wata huɗu na gudu. Wanda ya ga harafi ya kwanta, ya tashe shi da kansa. Wanda ya sake tambayata kuma, takarda zan miƙa masa in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, sana'ata ɗaure kayan kiɗa. Kalangu, kotso, gurmi, garaya, duk abin da ake shimfiɗa wa fata a buga, ni ne likitansa. Kiɗa ban iya ba sai na gwaji. Waƙa kuwa, in na fara, kaji ke barin gidan.

'Yar autarmu Hadiza ce ke aure a can. Mijinta Nasiru yana karatun zama dakta, irin daktan nan da ko allura bai iya ba. Da cikinta ya tsufa aka ce uwarta Asabe ta je ta yi mata wankan jego. Asabe ta ce ba ta hawa jirgi ita kaɗai. Aka duba dangi kaf, aka rasa marar aikin yi sai ni.

Daga Kano muka tashi, muka sauka Habasha, aka canza mana jirgi. Jirgi na biyun nan, ban san Allah ya yi duniya da faɗi haka ba. Na yi barci na farka, na sake yi na farka, na tambayi Asabe ko direban ya ɓata. Abinci kuwa a ɗan gwangwani, ko mage ba zai ƙosar ba. Lokacin an fara maganar korona, amma a nesa, kamar labarin gobarar wani gari. Da muka sauka Kuala Lumpur na ga kowa ya ɗaure baki da hanci, na ce, "Asabe, ashe ƙasar Buzaye aka kawo mu." Kafin in rufe baki wata yarinya ta ɗora min bindiga a goshi. Na yi kalmar shahada da ƙarfi. Ashe zafin jiki take aunawa.

A wurin masu duba fasfo aka ce in ɗora yatsu a kan wani gilashi. Na ɗora, injin ya ce babu kowa. Shekara arba'in ina cuɗa fata da toka, zanen yatsuna ya goge tas. Jami'in ya goge gilashin, ya ce in hura wa yatsun iska, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya har goma. Ya kira babbansa. Babban ya tambayi sana'ata da hannu, ni kuma na matse hammata na yi masa kalangu da baki. Layi duka ya fashe da dariya, aka buga min hatimi. Asabe ta bi wani layin daban, ta yi kamar ba ta taɓa ganina ba.

Gidansu Hadiza a unguwar Titiwangsa yake, hawa na goma sha bakwai. Na ce gida don kada Nasiru ya ji haushi, amma ɗakin tantabaru ne. Ba tsakar gida, ba zaure, ba inda za ka tofar da yawu. Kowace ƙofa biyu ce, ta katako a ciki, ta ƙarfe mai raga a waje. Da safe shinkafa, an dafa ta da ruwan kwakwa, an watsa mata ƙananan kifaye da idanunsu a buɗe suna kallon mai ci. Yajinsu da sukari. Miyarsu da sukari. Akwai wani ɗan itace mai ƙaya da suke mutuwar so, Nasiru ya kawo min da murnarsa, ni da na tsufa cikin warin jima sai da na nemi taga. Shayin shagon mamak, wato Indiyawa Musulmi, kaɗai na yaba, don suna ɗaga shi sama suna zubowa, ka san a wurin masu shayinmu suka gani.

Sati biyu da zuwanmu aka ce kowa ya shiga gida ya kulle. Wallahi suka shiga. Na leƙa daga sama, titi fes, ko mai rake babu. Mutanen da gwamnati za ta ce su zauna, su zauna! Aka ce shugaban gida kaɗai zai riƙa fita cefane. Na miƙe na ɗauki hulata. Nasiru ya durƙusa yana sosa ƙeya.

"Baba, ai... sunana ne a takardar haya."

Na ajiye hula. A ranar na san matsayina: kaya ne ni, an kawo ni tare da daddawa.

Cikin wannan zaman ne na fara jin wani sauti bayan la'asar, ƙwal-ƙwal-ƙwal, daga ƙofar da ke kallon tamu. Kunnena ya ce fata ce. Na buɗe ƙofar katako na leƙa ta raga. Wani tsoho ɗan Sin ne zaune a bakin tasa ragar yana shan iska, da wani abu a cinya. Ankul Tan ake ce masa, ni na sa masa Tanimu. Abin zagayayye ne kamar tire, an rufe shi da fata, an kewaye shi da ƙarfe da ƙugiyoyi reras kamar haƙoran kada. Ga dogon wuya an jera masa sandunan ƙarfe a gicciye. Tsirkiya biyar, huɗu dogaye, ɗaya gajera ta tsaya a rabin hanya, ta babban yatsa ce. Da na ƙura ido, tsirkiyar igiyar kamun kifi ce, irin wadda nake saye a kasuwarmu. Yatsu uku yake sa wa, babba da manuni da na tsakiya, tsirara ba komai a kansu, ɗan ƙaramin yatsa kuma ya kafe shi a kan fatar.

Abin da ya ba ni dariya, takarda yake kallo. An ja layuka an ɗiga baƙaƙen ɗigo, kamar kashin ƙuda a igiyar shanya. Yana cikin bugu fanka ta juya shafin, sai kiɗa ya mutu nan take. Makaɗin da iska za ta iya kashe wa kiɗa! A gida ko rumfa ta faɗo wa mai gurmi, sai ya kai ƙarshen baiti.

Daga cikin ɗakin kuma wata murya tana ta masifa. Matarsa ce, Anti. Yana bugu tana buga tukwane. In ya yi kuskure, kafin shi ya gane ta riga ta yi tsaki daga kicin. Asabe ta ji sau ɗaya ta ce matar ta burge ta.

Nasiru ne ya yi mana tafinta, kowa a bayan ragarsa kamar fursunoni biyu suna zumunci. Tanimu ya ce sunan abin banjo. Da ya ji daga inda na fito, ya nuna ni ya nuna abin, ya ce asalinsa daga wajenmu ne. Na ce Nasiru ya gaya masa ba sai ya faɗa ba, gurmi ne ya je turai ya sa wandon ƙarfe.

Ga yadda ya ba da labarin. Bayin da aka kwasa daga ƙasashenmu zuwa Amurka su suka riƙa yin sa da ƙwarya da fata, kamar yadda suka baro a gida. Turawa suka ji daɗinsa suka ɗauka, amma da farko sai sun shafa baƙi a fuska sun hau dandali suna kwaikwayon baƙar fata ana dariya. Daga baya suka ga abin ya fi ƙarfin wasa, suka ce bari a wanke shi. Aka jefar da ƙwarya, aka sa ƙarfe, aka jera sanduna a wuya don kada yatsan Bature ya ɓata hanya. Aka rubuta masa kiɗa a takarda. Aka shigar da shi falo a Amurka da Ingila, maza da kwat, mata da dogayen riguna, ana bugawa da tsirkiyar hanji a hankali ana shan shayi. Wannan salon na falo shi Tanimu ke yi. Ya ce akwai masu sa tsirkiyar waya da faratan ƙarfe, ya yamutsa fuska, wai waɗannan 'yan hayaniya ne. Ka ji, har cikin ɓarayin gurmi akwai masu raina wasu.

Nasa na ubansa ne. Uban ya yi akawu a wurin wani Baturen gonar roba, can ya koya, da Baturen zai tafi ya bar masa. Fatar ɗan maraƙi ce, uban ne ya ɗaura ta da hannunsa. Akwai wani baƙin tabo a gefe, inda ƙaramin yatsan uban ya zauna shekara da shekaru, na ɗan ya zo ya ɗora a kai.

Wata safiya muka ji jiniya. Anti ta faɗi a kicin, ɓarin jikinta ya shanye, bakinta ya rufe. Aka tafi da ita asibiti, aka ce saboda korona ko miji ba ya shiga. Wata nas mai kirki ce ta riƙa kiran Tanimu a waya bayan la'asar, ta kara wa Anti a kunne, shi kuma ya buga. Nas ta ce in ya buga yatsan Anti yana motsi, kuma bayan nan kaɗai take karɓar 'yan cokulan kunu. Matar da ta shekara arba'in tana zagin abin nan.

To ƙasar ba ta san rani ba, kullum ruwa. Fatar ta sha danshi ta saki, ɗan icen da tsirkiya ke hawa, wanda muke kira jaki, ya nutse a ciki. Sautin ya koma kamar ana dukan katifa. Tanimu ya bi ƙugiyoyin nan da ɗan makulli yana ɗaurewa, bai gyaru ba. Ni kuwa ina bayan raga ina ƙaiƙayi. Kalma ɗaya na iya a yarensu, na faɗe ta na bugi ƙirji: "Boleh!" Wato zan iya.

Ya miƙo min da hannu biyu.

Asabe ta ce, "Malam, mayar wa mutumin nan kayansa."

Na ce, "Ke, fata ce fa. Yaushe kika fara koya min fata?"

A gida in fata ta yi sanyi, rana ake nuna mata, ko a kara ta kusa da garwashi tana shan ɗumi ana shafawa. Nan ba rana, ba garwashi. Sai na kunna gas ɗin Hadiza. Abu biyu na manta. Wutar gas ba ta da haƙurin garwashi, kuma mutumin ya riga ya ɗaure ƙugiyoyinsa tam, tsohuwar fata ba ta da sauran wurin ja. Na juya sau ɗaya, na ƙwanƙwasa, ta fara amsawa. Na ce bari in ƙara kaɗan.

Tau!

Hadiza da tsohon ciki ta fito a guje, ta zaci tukunyar gas ce. Fatar ta tsage gida biyu, tsagar ta bi ta tsakiyar baƙin tabon nan.

Da zagina Tanimu ya yi, da na samu sauƙi. Ya karɓa, ya sa yatsa a kan tabon, ya daɗe. Sannan ya rufe ƙofar katako. Tun zuwana ban taɓa ganin ta a rufe da rana ba.

La'asar ta yi shiru. Washegari ma haka. Nasiru ya bincika a waya, ya ce irin fatar daga turai ake aikowa, jirage kuma ba sa tashi. Akwai ta roba, amma ba ta shiga wannan tsohon. Na ce shugaban gida ya je kasuwar Chow Kit ya nemo min fatar akuya. Ya tafi da takunkuminsa, ya dawo yana haki da leda. Na buɗe, ganda ce, an babbake ta an yanka gunduwa-gunduwa.

"Dakta, wannan miya ake yi da ita."

"Baba, na ce musu fata, ita suka ba ni."

"Shekara nawa ka ce ya rage ka gama karatun?"

Hadiza ta jiyo daga Tanimu cewa Anti ta juya fuska bango, ba ta karɓar kunu sai da ƙyar. Ya gwada yi mata waƙa da baki, nas ta ce ya bari. Asabe ta daina yi min magana, in za ta ba ni abinci sai ta dangwarar ta kalli silin.

Cikin haka Hadiza ta haihu, namiji. Ba taro, ba maroƙi, ba wanzami. Ragon suna ma a waya ake saye, ba ka ga ƙahonsa ba, ba ka taɓa ƙugunsa ba, su yanka a gonarsu su dafa su aiko a robobi. Nasiru ya zo yana rarraba ido.

"Baba, sai dai haƙuri. Nan da akuya aka fi yi."

Asabe ta sa salati. "Akuya? Jikan nawa? Kada wanda ya faɗa a gida!"

Ni kuwa na tashi zaune. Fatar rago ba ta kiɗa, taushi gare ta. Akuya ita ce uwar ganga. Na ce, "Dakta, kira su. Fatar nake so ɗanya, kada wuƙa ta huda ta, kada su sa mata komai." Ya daɗe yana turanci, ina jin mai gonar yana dariya yana cewa "lah, lah". Ranar suna mai babur ya kawo robobin nama, ya miƙo wata leda daban da yatsu biyu, ya kau da kai.

Toka babu a hawa na goma sha bakwai. Nasiru ya samo min farar ƙasa a shagon wani Ba'indiye, irin wadda suke shafa wa ganyen da suke taunawa. Mazubi kuma duk gidan ɗaya ne ya isa: babban bahon da aka saya don wankan jego. Na jira Asabe ta tada salla na ja shi baranda na jiƙa fatar a ciki.

Abin da ta faɗa da ta sallame ba zai rubutu ba, bokona bai kai nan ba. Mai jego ta koma wanka da bokiti.

Kwana uku wari ya tashi. Mai gadi ya hawo yana shinshina ƙofofi. Aka zuro takarda ta ƙarƙashin tamu. Nasiru ya karanta, ya durƙusa.

"Baba, don Allah. Za su tashe mu."

"Mutanen da ke cin ɗan itacen nan mai ƙaya su ne za su yi min maganar wari? Ka ce su ba ni kwana biyu."

Na kankare gashin da bayan wuƙar kicin, na bi cikin na cire kitse da tsoka, na wanke har ta yi fari. Na ɗaga ta a haske, ba huda ko ɗaya. Na ɗauka da danshinta na je na ƙwanƙwasa ragar Tanimu. Ya buɗe, ya rame. Ya kalli fatar, ya kalle ni. Wannan karon ban bugi ƙirji ba. Na ce "boleh?" a hankali, da tambaya.

Muka zauna a ƙasa tsakanin ƙofofin biyu, kowa da takunkumi. Nan na gane ban san yadda ake sa wa gurmi wandon ƙarfe ba. Mu da ƙusa ko ɗinki muke kamawa. Wannan sai an shimfiɗa fata, a zura zoben waya, a naɗo bakin fatar sama, a danna wani zoben ƙarfe a kai, sannan ƙugiyoyi su kama. Shi ya ga ubansa ya yi yana yaro, amma bai san jan fata ba. Ni na san inda za a ja da inda za a lallaɓa. Hannu huɗu, ba tafinta. In na ja da yawa ya buge min hannu, in ya bar tattara in buge nasa. Kuma dole in faɗa, ko da ba daɗi: ƙugiyoyin nan da na raina dabara ce ta ƙasar da rana ba ta da alkawari.

Sai jiran bushewa, kwana biyu a gaban fanka. Na ce da za a ɗan nuna mata ɗumi kaɗan. Asabe ta cire kan gas ɗin ta sa a ƙarƙashin filonta.

Rana ta uku bayan la'asar ya ɗaure ƙugiyoyi, ya kafa jaki, ya ja tsirkiya. Ya taɓa. Sautin ba irin na da ba ne. Na da siriri ne mai ƙwalli, na ɗan maraƙin da ya yi makaranta. Wannan kauri gare shi da ɗan gurnani, ka ji akuya ka ji gida. Tanimu ya ɓata fuska. Waya ta yi ƙara, nas ce, ba lokacin gardama.

Ya buɗe takardarsa ya fara. Mu huɗu muna bayan raga, har mai jego da jariri. Ni na riƙe masa shafin da tsinken tsintsiya ta cikin raga saboda fanka. Ya kai ƙarshe. Muka kasa kunne.

Sai wata murya ta fito daga wayar, a karkace, kamar mai magana da tuwo a baki. Kalma uku, huɗu. Ta tsaya ta huta. Ta ci gaba, tana ƙara ƙarfi. Tanimu ya sa hannu ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa, na kasa gane kuka ne ko dariya. Nas tana ta ihu a can. Da ƙyar ya juya wa Hadiza da turanci, ita ta juya mana.

"Baba, wai cewa ta yi, na wane ne wannan? Me ka yi wa na babanka? Kuma wai ya yi sauri a tsakiya, kamar kullum."

Maganar Anti ta farko ke nan tun da ta faɗi. Ta yi masifa har ta gaji, sannan ta nemi kunu.

Wata ɗaya muka je yi, sai da muka yi takwas. Kafin mu taho an dawo da Anti a keken guragu. Aka nuna mata ni. Ta dube ni daga hula har silifa, ta faɗi wata magana gajera. Tanimu ya ƙi fassarawa. Asabe ta ce ba sai an fassara ba, ta ji, kuma gaskiya ce.

Hanyar dawowa ba abin faɗa, ban da tsinken da suka zura min a hanci har sai da na tuna sunan kakata. Tsohuwar fatar Tanimu ya naɗe ta ya ajiye a akwati. Ni kuwa ya ba ni shafi ɗaya na takardar kiɗansa, da hannu biyu, har da sunkuyawa. Malam Garba, tsarabarka ke nan, ka zo ka karɓa, kai da ka yi firamare ka karanta mana kashin ƙudan.

Asirin da Asabe ta ce kada a faɗa kuma, ga shi na rubuta: da akuya aka yi wa jikana suna. Naman mun cinye a robobi. Amma duk wanda ya yi masa gori in ya girma, ya tambayi mai gorin ina ragon nasa sunan yake. Akuyar jikana tana nan hawa na goma sha bakwai, kullum bayan la'asar tana rera kiɗan Turawa daga takarda, wata tsohuwa tana zaginta.